Inda Ka Samo Maganarka

Ƙannena maza da mata, yawancin masu sha'awar iya magana a gaban jama'a a cikinku sun ɗauka babbar matsalarsu tsoro ce: rawar murya, bushewar baki, kalmomi su gudu daidai lokacin da aka miƙo abin magana. Wannan tsoron sabo ke maganinsa. Wanda ya yi ta tsayawa a muhawarar makaranta ko a taron ƙungiyar unguwa, wata rana gwiwarsa za ta daina kaɗawa ko da ba wanda ya koya masa komai. Akwai kuma abin da sabo ba ya gyarawa, sau da yawa ma ƙara ɓata shi yake yi, wato ɗabi'ar faɗin abu da ƙarfin da ya wuce sanin da mutum ya yi masa. Da zarar baki ya sake, sai abin da ka gani da idonka, da abin da wani ya gaya maka, da abin da kake zato, duk su fito da murya ɗaya da tabbaci ɗaya, mai sauraro kuwa ba shi da yadda zai rarrabe. A nan tarbiyyar mai magana da hankalinsa suka haɗu. Hakkin farko da ke kanka in ka miƙe tsaye shi ne ka bar mai jinka ya san matsayin kowace maganar da ka ɗora masa, da inda ka samo ta.

Dalilin yana cikin yanayin sauraro kansa. Mai karanta littafi yana iya tsayawa, ya koma shafin baya, ya ajiye ya je ya tambaya. Wanda ke zaune a filin taro ko a gindin rediyo ba shi da wannan damar. Kafin ya auna magana ta farko an kai ta biyar. Dole ya dogara da alamun da mai magana ya ba shi, babbar alamar kuwa ita ce ƙarfin da aka faɗi abu da shi. In ka faɗa ba ɗar, zai ɗauka ka bincika. Don haka wanda ya faɗi jita-jita da muryar shaidar gani da ido algus ya yi, kamar mai hatsin da ya zuba tsakuwa a gindin mudu ya rufe da gero mai kyau: abin da aka biya kuɗinsa daban, abin da aka kai gida daban. Aristotal, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafi guda kan fasahar lallashin jama'a, wanda Ibn Rushd na Kurɗuba ya yi wa sharhi daga baya. Ya kasa hanyoyin shawo kan mutane gida uku: halin mai magana, da motsa zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikin zancen. Abin lura shi ne ya nace cewa yardar da ake yi wa mai magana ya kamata ta fito daga cikin jawabin da yake yi, ba daga sunan da ya shigo da shi ba. Wato rawani, ko digiri, ko yawan mabiya a Facebook, ba sa ɗauke wa mutum nauyin nuna inda ya samo zance.

Ba sai kun je Girka neman yadda ake yin wannan ba. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kansa, kuma da yawanku kun fara jin ƙamshinsa tun a Islamiyya. Imam Muslim, wanda ya rasu a shekarar 875, yakan bambanta tsakanin "haddasana", idan mai ruwaya ya ji daga bakin malaminsa, da "akhbarana", idan karanta wa malamin aka yi ya amince. A idon wanda bai sani ba, bambancin bai kai ya kawo ba, amma su a wurinsu hanyar da labari ya bi ya iso wani yanki ne na labarin. A gabatarwar littafinsa ma akwai babi guda na gargaɗi kan faɗin duk abin da mutum ya ji. Malaman fannin sun kuma ware sigogi biyu na kawo magana: sigar yankewa, a ce "ya faɗa", ga abin da ya inganta, da sigar da ke nuna rauni, a ce "an ruwaito" ko "ana cewa", ga abin da bai tabbata ba. Imam Nawawi, da ya rasu a 1277, ya yi kuka da marubutan da ke juya su, su kawo ingantacce da sigar rauni, su kawo mai rauni da sigar yankewa. Ku duba da kyau, laifin da ya gani ta gefe biyu ne. Rage wa tabbataccen abu ƙarfi don tsoron wani shi ma rashin adalci ne ga mai sauraro. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda matashin da ba zai yarda a kawo masa hadisi ba isnadi ba, zai tsaya a majalisa ya rantse a kan abin da wani gwamna ya faɗa a ɓoye, ko abin da aka zuba a cikin wani magani, alhali madogararsa saƙon murya ne da bai san mai shi ba. Ma'aunin da kuka koya ba na darasin addini kaɗai ba ne, kuma ba sai Musulmi ke iya aiki da shi ba.

Kada ku ɗauka wannan ciwon na marasa ilimi ne. Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gabatar da dalilan da ke nuna Iraƙi na ɓoye makaman ƙare dangi. Jawabi ne da ya cika duk sharuɗɗan da ake koyarwa: murya a natse, hotunan tauraron ɗan'adam, muryoyin wayar da aka naɗa, har da 'yar kwalba da ya ɗaga don mutane su ga ƙanƙantar abin da zai iya hallaka jama'a. Ya kuma tabbatar wa duniya cewa maganganunsa suna da madogara mai ƙarfi. Amma zancen motocin da aka ce an mai da su ɗakunan haɗa makamai masu ƙwayoyin cuta, mafi yawansa ya rataya ne a bakin mutum ɗaya, wani ɗan Iraƙi da ya gudu Jamus, wanda a 2011 ya fito ya amsa cewa ƙirƙira ya yi. An fara yaƙi a watan Maris na 2003, ba a samu makaman ba, Powell kuma ya ce daga baya jawabin tabo ne a tarihinsa. An zaɓe shi ya yi maganar ne saboda mutane sun yarda da shi fiye da sauran jami'an gwamnatinsu. Da ya ce wannan ɓangaren daga mutum ɗaya muka ji, ba mu kuma tabbatar ba, da jawabin ya rage armashi, da kuma ya zama na gaskiya.

A wannan shekarar ce kuma wani abu ya faru a gida, wanda ya fi dacewa ku tsaya a kansa, domin kuskuren cikinsa ya fi wuyar gani. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna, bayan wasu shugabannin addini da na siyasa sun yi ta faɗa a bainar jama'a cewa an gurɓata maganin da abin da ke hana haihuwa. Masu faɗin haka ba daga iska suka ɗauko tsoronsu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga kuma yaƙin Iraƙi da ake ji kullum a rediyo, wanda ya ƙara wa mutane zargin duk abin da ya fito daga Yamma. Saboda haka wanda ya miƙe a 2003 ya ce an taɓa yin gwaji a kan 'ya'yanmu, muna da hakkin a gwada wannan maganin a gabanmu kafin a ɗiga wa yara, maganarsa ba ta da makusa.

Matsalar ita ce tsallen da aka yi daga nan. "An taɓa cutar da mu" abu ne da ya faru. "Za a iya sake cutar da mu" zato ne mai dalili. "An zuba maganin hana haihuwa a cikin wannan ɗigon" kuwa da'awa ce sabuwa da ke buƙatar tata hujjar, kuma ta farkon ba ta isa ta ɗauke ta ba. Amma a bakin masu jawabi duka ukun sun fito da ƙarfi ɗaya, sai gaskiyar ta farko ta ara wa ta ƙarshe riga. Akwai tambayar da ya kamata kowane mai magana ya yi wa kansa a irin wannan wurin: in abin da nake shirin faɗa gaskiya ne, me ya kamata a ce an riga an gani? Ɗigon shan-inna ba sabon magani ba ne kamar Trovan. A lokacin an yi shekara 40 ana ba yara shi a ƙasashen duniya, har da na Musulmi. In yana hana haihuwa, da 'yan matan da suka sha shi suna jarirai sun girma sun yi aure an ga alama. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo maganin da aka yi a Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan, inda aka riga aka rabu da ita, daga baya kuma ta kai har Yaman da Indunusiya a 2005. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a tsakanin nan ba su halarci taron da aka yi jawaban ba. Kuma mafi yawan masu jawaban ba maƙaryata ba ne, kare yara suke nufi. Kyakkyawar niyya dai ba ta cike gurbin hujjar da babu.

Na san abin da wasunku za su ce: jawabin da ke cike da "na ji" da "ina zato" ba ya tayar da kowa, jama'a mai ƙarfin hali suke bi, wanda ya tsaya yana tauna magana kafin ya gama an watse. Akwai gaskiya a ciki, domin mai inda-inda a kan komai ba wanda zai saurare shi. Sai dai ba inda-inda nake kira gare ta ba. Mu ɗauka matashi ne ƙungiyar unguwa ta tura ya yi magana gaban shugaban ƙaramar hukuma a kan asibitin garinsu. Yana iya cewa, "Yara na mutuwa kullum a asibitin nan saboda an sace magani." Za a tafa. Shugaban kuma zai miƙe ya tambaya, yara nawa, wace rana, wa ya sata, shi ke nan an bar zancen asibiti an koma zancen ƙazafi. Yana kuma iya cewa, "Ranka ya daɗe, ranar Talata na shiga da kaina na tarar da ɗakin magani a kulle. Mata uku sun gaya mini an rubuta musu takarda an tura su kemis. Ko an kawo maganin aka karkatar, ko ba a kawo ba, wannan ban sani ba, shi muka zo ji daga bakinka." Ta biyun ta fi nauyi, domin ba ta bar wa wanda ake tambaya wurin kamawa ba sai amsa. Tarihinmu ma ya nuna haka. A watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya soki tsarin mulkin En'e, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba abin wasa ba ne. Abin da ya roƙa shi ne a kafa kwamiti mai zaman kansa ya bincika, wato ya miƙa maganarsa a auna. Da ƙyar ƙudurin ya samu rinjaye, amma an yi binciken, aka kuma sauya dokokin En'e a shekarun da suka biyo baya, har zuwa dokar 1954.

Wani zai ce to ai abokan hamayya ba sa bin wannan ƙa'idar, suna ƙarya dare da rana, in na ɗaure hannuna an cuce ni. Ku tambayi kanku wa ke sauraronku. Abokin hamayya ba ya zuwa taronku don a shawo kansa, in ma ya zo, kuskure yake nema. Masu haɗiye ƙarin gishirin da kuka yi mutanenku ne, su za su ɗauka su kai gaba, su za a kunyata ranar da aka ƙaryata, su ne kuma za su yanke shawara a kan abin da babu shi. Sa'annan wanda ke ɓangaren masu rauni ba shi da kuɗi ko hukuma, yardar mutane kaɗai ya mallaka. Adadi ɗaya da ya ƙara ya ishi mai iko ya watsar da koke-koke tara na gaskiya.

Motsa zuciya kuwa ba laifi ba ne. Wanda zai yi magana a kan yaran da ba sa makaranta ko matan da ke mutuwa wajen haihuwa ya faɗe ta a bushe kamar mai karanta lissafin kanti, shi ma bai yi wa abin adalci ba. Sharaɗin dai shi ne fushin ko tausayin da ka tayar ya zama a kan abin da ya faru, kuma daidai girmansa. Tsoro ne ya fi kowanne saurin rufe tunani, shi ya sa ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan. A watan Agusta na 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. 'Yan'uwa ne suka riƙa tada juna a waya saboda ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu aka kwantar a asibiti. Duk wanda ya tura saƙon ya yi jawabi ga jama'a ko bai sani ba, kuma sunansa ne ya zama isnadin, domin kakarsa ba ta san wanda ya fara ba, shi ta sani. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ta isa uzuri ba sai in ka faɗi haka tun lokacin turawa, ka kuma ƙara da cewa ba ka tabbatar ba.

Saura abin da ya fi yi wa matashi wuya a ƙasarmu, wato ladabi. An tarbiyyantar da mu cewa ba a tsayar da babba a tambaye shi hujja, wanda ya yi haka kuma sai a ce ba shi da kunya. Wannan tarbiyyar tana da amfanin da ba zan so ku yar ba, amma ku lura da cewa a zauren karatu na gargajiya ɗalibi yana tambayar malaminsa a wane littafi mas'ala take, malamin ƙwarai kuma daɗi yake ji, ya sa a ɗauko littafin a buɗe. Abin da ke ɓata tambaya shi ne sigarta da wurinta. "Allah ya gafarta malam, a ina za mu samu wannan mu ƙara karantawa?" daban take da "ina hujjarka?" da aka jefa a tsakiyar taro don a ga kasawar mutum. Kuma tun da wata rana ku za a yi wa tambayar, ku saba tun yanzu da amsa ta ba tare da jin an raina ku ba. Wanda ya rubuta madogarar kowace da'awa a gefen takardar jawabinsa kafin ya fito, yakan tarar da biyu ko uku da ba su da ita, ya cire su ko ya sassauta lafazinsu tun a ɗaki. Duk da haka za ku yi kuskure, domin ba mai yawan magana da ya tsira. In hakan ta faru, gyaran ya koma inda ɓarnar ta je: in a taro kuka faɗa, a taro na gaba za ku janye, in a zauren WhatsApp ne, a zauren za ku rubuta abin da kuka faɗa, da abin da ya tabbata daga baya, da wanda kuka ji daga gare shi. Goge saƙo a yi shiru ba ya isa ga waɗanda suka riga suka tura shi gaba.